Tambaya da Amsa: Hanyar da Sojojin Amurka Suka Bari a Cikin Yashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne, manomi, daga wani ƙauye a ƙasar Jahun. Ɗana da ke karatu a Ingila ya turo mini hotunan wata hanya da wasu daɓen kankare a tsakiyar tudun yashi kusa da teku, ya ce sojoji ne suka yi su lokacin yaƙin Hitila. Yaya aka yi yashi bai cinye su ba, alhali mu nan rairayi kan binne hanya cikin rani ɗaya? Kuma mahaifina ya je wannan yaƙi, ko ya taka wurin?

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa yaron albarka. Yadda ka kwatanta hotunan, wurin shi ne Braunton Burrows, a arewacin yankin Debon, kudu maso yammacin Ingila. A 1943 sojojin Amurka suka kafa sansanin atisaye a nan, ƙarƙashin Laftanar Kanar Paul Thompson, domin shirin tsallakawa Faransa su ƙwace ta daga hannun Jamus. Sun zaɓi wurin ne saboda yashinsa da yanayin cikowar tekunsa sun yi kama da na gaɓar Nomandi ta ƙasar Faransa, inda suka sauka ranar 6 ga Yuni, 1944.

Daɓen kankaren da ka gani siffar jiragen ruwan sauke mayaƙa ne. An zuba su daidai faɗin cikin jirgin, har da gangaren ƙofarsa ta gaba, don direban tanka ko na babbar mota ya koyi shiga da fita tun yana kan tudu. Kafin simintin ɗaya daga cikinsu ya bushe, wani soja ya zana lambar bataliyarsa ta injiniyoyi, ta 146, kuma har yau ana karanta ta. Wannan rubutu ya fi komai taɓa ni, domin yaran da suka yi aikin nan da yawansu Nomandi suka nufa, kuma ba duka suka dawo ba.

Ita kuwa hanyar, mutanen wurin suna ce mata Hanyar Amurkawa. Tsohuwar turba ce sojojin suka miƙar, suka faɗaɗa, suka zuba mata duwatsu. Yanzu duk ramuka ce, ruwa na kwanciya a ciki, masu yawo a ƙafa da masu keke ne suka fi bin ta. Inda yashi ke da laushi sosai, sojojin wancan zamani ragar ƙarfe suke shimfiɗawa mota ta bi ta kai, kamar dai yadda direban motar kasuwa kan sa a jera masa karan dawa a ƙarƙashin taya idan ya kafe a hanyar Maigatari ranar Alhamis. Irin wannan raga ba ta daɗewa a bakin teku, gishiri ne ke cinye ta da tsatsa. Dutse da kankare su ne suka rage.

To, me ya hana yashi binne su? A ganina babban dalili ciyawa ce. Akwai wata doguwar ciyawa mai kaifin ganye da ke fitowa a tudun yashin Turai, wadda idan yashi ya rufe ta sai ta ƙara tsawo, saiwarta kuma ta yi ta saƙa a ƙasa har ta ɗaure tudun. Ga ruwan sama kusan kowane wata, yashin ba kasafai yake bushewa ya tashi ba. Sannan hanyar ta bi ta bayan tuddan ne, nesa da inda iskar teku ta fi ƙarfi. Mu kuwa, Baba, ka fi ni sani: wata bakwai ko fiye ba ɗigon ruwa, an kwashe kara da harawa, dabbobi sun lashe abin da ya saura, an sare kabar da ke gefen hanya. Idan iskar hunturu ta taso, me zai riƙe ƙasar? Shi ya sa nake jin takaici in ga an zuba burji a cikin jigawa ba a dasa komai a gefensa ba. Layin gamba ko jema, da dalbejiya a bayansu, kuɗinsu bai kai na kwalbati ɗaya ba, kuma aikin gayya ma zai iya yin su tun farkon damina.

Game da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, da wuya ya taka wurin, don sansanin na Amurkawa ne. Sojojinmu na rundunar Afirka ta Yamma sun fara yaƙar Italiya a gabashin Afirka a 1941, daga baya aka kwashi runduna ta 81 da ta 82 zuwa Indiya, suka shiga dazukan Bama suka gwabza da Japan. In akwai takardar sallamarsa a cikin adaka, a duba, yawanci akan sami lambarsa ta soja da sunan bataliyarsa a jiki. A turo mana hotonta, sai mu gaya maka fagen da ya yi yaƙi.