Su wa aka tambaya kafin a ce wane ne zai ci zaɓe?

Assalamu alaikum. Malam, tambayarka ita ce: ta yaya ɗan takara zai lashe duk wata ƙuri'ar jin ra'ayi da aka yi a Facebook da Twitter, da rata mai yawa, amma ranar zaɓe ya sha kaye? Ka ce ko dai maguɗi aka yi, ko kuma masu binciken ƙarya suka shirga. Na daɗe ina aikin tattara bayanai gida-gida a Kano da Jigawa da Katsina, don haka ga abin da na sani.

Sau da yawa babu ƙarya a lissafin. Matsalar tana wajen mutanen da aka tambaya. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a Dawanau ya san ba a duban na bakin buhu kaɗai. Ƙarfe ake sokawa a zaro na tsakiya da na ƙasa, domin na sama ba lallai ya zama irin na ciki ba. Ƙuri'ar intanet na bakin buhu take ɗiba: mai babbar waya, mai kuɗin data, mai karatu, wanda siyasa ta dame shi har ya tsaya ya danna. Ko mutum miliyan ɗaya suka danna, irinsu ɗaya ne.

Ba a kanmu aka fara ba. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, aka dawo mata da fiye da miliyan 2. Ta sanar cewa Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt da kashi 57 cikin ɗari. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya samu kusan kashi 61, Landon kuwa jihohi 2 kacal ya ci, Maine da Vermont. Daga littafin lambobin tarho da rajistar motoci da jerin masu sayen mujallar aka kwashi yawancin sunayen, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, mai tarho da mota shi ne mai hali. Sannan waɗanda suka ɗauki wahalar cikewa su mayar, yawancinsu masu jin haushin Roosevelt ne. Wani mai binciken jin ra'ayi, George Gallup, ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da na mujallar, amma ya yi ƙoƙarin su fito daga kowane rukuni, kuma ya faɗi wanda zai ci daidai.

A wajenmu abin ya fi haka wuya, kuma nan ne nake so ka tsaya da kyau. In ka shiga ƙauye da hantsi a damina, magidanta duk suna gona. Tsofaffi da masu tireda za ka tarar. In da rani ne, samari sun tafi ci-rani. In mai tambayar namiji ne, iyakarsa zaure, matan gidan ba zai gan su ba, sai maigida ya ce "ni zan amsa musu." Alhali ranar zaɓe layin mata a rumfuna da dama ya fi na maza tsawo, kuma ba kullum suke bin zaɓin maigida ba. Na sha ganin haka: idan abokiyar aikinmu mace ta shiga cikin gida ta zauna da su, amsar da take fitowa da ita dabam take da wadda muka ji a ƙofar gida. Shi ya sa duk binciken da aka ce an yi a Arewa ba tare da mata masu tambaya ba, ni ba na ɗaukarsa da muhimmanci.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a rahoto. Ana ba ka sunan ƙauye, ka je ka tarar rafi ya cika ko hanya ta yanke, sai a ce ka maye gurbinsa da wani na bakin titi. Ƙauyen bakin titi yana da kasuwa da sabis ɗin waya, 'yan siyasa suna tsayawa a can. Na bayan rafi kuwa damuwarsa dabam. Wuraren da 'yan bindiga suka addaba tun daga ofis ake cire su saboda tsaro, kuma mutanen da suka fi kowa jin jiki su ne ba a ji daga bakinsu ba.

Binciken waya ma yana da nasa. Gida guda waya ɗaya, tana aljihun maigida. Wani in ya ga baƙuwar lamba ba zai ɗauka ba. Wani ya ɗauka, da ya ji zancen zaɓe sai ya ce "ni ba ruwana da siyasa," alhali ya san wanda zai dangwala wa, tsoro yake kada maganar ta koma kunnen mai unguwa ko kansila. Kafin zaɓen 2023 an fitar da bincike-binciken da suka nuna Peter Obi a gaba, amma a cikinsu akwai kaso mai yawa na waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba ko suka ƙi faɗa. Mutane suka ɗauki kanun labarin suka bar wannan kason.

Dubi alƙaluman da INEC ta bayyana na zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023: Tinubu 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Daga cikin na Kwankwaso, 997,279 daga Kano kaɗai suka fito. Wanda bai taɓa fita Kano ba a lokacin kamfe, jar hula kawai yake gani, zai iya rantsuwa an gama. Haka ma matashin Legas da duk abokansa Obi suke yi. Kowannensu gaskiyar abin da ya gani yake faɗa, sai dai unguwarsa ya gani.

Ranar zaɓen ma tacewa ce. Mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma kimanin miliyan 25 suka fito, wato wajen kashi 27 cikin ɗari. Lokacin canjin kuɗi ne, wanda ya yi rajistar zaɓe a garinsu bai da tsabar kuɗin mota. Wanda ya ce maka zai zaɓi wane, in bai karɓi kati ba ko bai fito ba, ra'ayinsa bai shiga akwati ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da wannan ke yi. Magoya baya suna sakin jiki, wasu su ƙi fita saboda an ce nasu ya riga ya ci, wasu su ƙi saboda an ce nasu ba shi da rabo. Ɗan takara yana kai alƙawari inda ake jin hayaniya, ya manta da ƙauyen da ba a tambaya ba. In sakamako ya fito saɓanin abin da aka saba gani a waya, zukata su yi zafi, wani lokaci har a rasa rai.

Ban ce ba a maguɗi ba, Malam. Ana yi, ana sayen ƙuri'a, ana razana mutane. Amma hujjarsa tana takardar sakamakon rumfa, EC8A, wadda wakilan jam'iyyu suke sa wa hannu, a kwatanta ta da abin da aka bayyana a wurin tattara sakamako. Ƙuri'ar Facebook ba ta isa hujja ba. In an sake turo irin wannan bincike, ka nemi sanin wa ya biya kuɗinsa, da wane harshe aka yi tambayar, ta waya ce ko ido da ido, ƙananan hukumomi nawa aka shiga cikin 774, mata nawa ne a ciki, kuma mutum nawa suka ƙi amsawa. Masu aikin gaskiya suna wallafa waɗannan bayanan tare da sakamakonsu.