Ciwo biyu ne, ƙanena, ba ɗaya ba

Jiya bayan la'asar ka tare ni ina sauri: me ya sa a shafin intanet na mai shinkafar nan na Argungu "shinkafa & gero" ya fito "shinkafa &amp; gero", ita kuma "ƙwarya" ta koma "Æ™warya"? To, ciwo biyu ne kake nema wa magani ɗaya.

Na ƙ ɗin mai sauƙi ne. Tsarin ajiye haruffa na UTF-8 da bayit biyu yake ajiye ƙ (bayit ɗan ƙaramin ma'aunin bayanai ne a kwamfuta). Burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, in ba a faɗa mata tsarin ba sai ta karanta da tsohon tsarin Windows-1252, kowane bayit harafi guda, ka ga Æ da ™ ke nan. Sanar da ita a saman shafin cewa UTF-8 ne, ka duba rumbun bayanai ma. Kada ka bi kowace ƙ kana mai da ita &#409; yadda wasu ke yi, wahalar banza ce.

Ɗayan ne abin zama a kai. Burauza ba ta bambance zancen mutum da umarni. Da ta ga < sai ta ɗauka umarni ya zo. Shi ya sa muke sauya shi zuwa &lt;, > zuwa &gt;, & zuwa &amp;, tare da alamomin zance. In ba haka ba, wani ya cusa umarni a gurbin suna, shafin ya aiwatar a wayar duk wanda ya buɗe. A 2005 irin wannan kutse ya shiga asusu fiye da miliyan ɗaya a dandalin sada zumunta na MySpace cikin ƙasa da kwana guda.

Kai kuwa zarce gona da iri ka yi: ka sauya wajen ajiyewa, ka sake sauyawa wajen nunawa, sai & ɗin da ke cikin &amp; ma ya sha sauyi. Ajiye rubutu yadda mai shi ya rubuta, ka sauya sau ɗaya tak, lokacin nunawa.

Sannan ka kula da alamar hamza, mu ta fi shafa: 'yan, sa'a, ma'aji. A yaren gina shafuka na PHP, kafin fitowar 8.1, htmlspecialchars, umarnin da ke yin wannan sauyin, ba ya taɓa ta sai ka sa masa zaɓin ENT_QUOTES. Ni na taɓa yi wa wata makaranta fom, duk wata Sa'adatu ta koma "Sa" a gurbin gyara suna. Na sha kunya ranar.

Gobe da safe ka rubuta <b>Sa'a & 'ya'ya</b> a fom ɗinka. In ya fito da kauri, burauza ta bi umarnin ke nan, akwai sauran aiki, sai ka kira ni.