Tambaya da Amsa: Na tsara gyara rayuwata, kafin kwana goma komai ya watse

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Wunti, shekarata 41. Bayan ƙaramar salla na ƙudurta in daina shan lemon kwalba, in riƙa gudu da asuba, in bar kwana da waya, in kuma rage tumbi. Ban cika kwana goma ba komai ya watse. Ga gajiya, ga saurin fushi a gida. Ta ina zan kama? *Daga wani mai karatu a Bauchi*

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, taura biyu ba ta taunuwa, kai kuwa huɗu ka jefa a baki. Ka rarraba su, kowace ka ba ta mako biyu, kada ka taɓa ta gaba sai ta baya ta zauna.

Fara da barci, domin gajiyar da fushin galibi daga nan suke, kuma wanda bai ƙoshi da barci ba shi ne mai kwaɗayin zaƙi da rana. Baligi na buƙatar awa 7 zuwa 9. Idan wajen ƙarfe 5 kake tashi sallar asuba, ƙarfe 10 ya same ka a kwance. Abin da ya rage ka cike shi da ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar; in ta wuce haka za ka tashi jiki a mace, da dare kuma ido ya bushe. Goro, shayi, kofi da lemon ƙara kuzari duk suna da sinadarin kafin, wanda sai bayan kusan awa 5 rabinsa ke barin jini. Goron da ka tauna a majalisa bayan magariba yana nan yana aiki ƙarfe 11 na dare. Daga la'asar ka rufe wannan babi. Wayar kuma a falo za ta kwana. In ka ce da ita kake tashi, nemi agogo mai ƙararrawa.

Mako na uku sai motsa jiki, amma bar batun gudu tukuna. Mai tumbin da ya daɗe bai motsa ba, in ya fara da gudu gwiwa da diddige ne za su tsayar da shi a makon farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 a rana har kwana biyar. Tafiya ce da sauri, wadda numfashi zai ɗan ɗaga amma kana iya magana. Fara da minti 10, duk bayan kwana uku ka ƙara 5. Ka ɗaura ta a jikin abin da ba ka fashi: tafi masallaci da takalmin tafiyarka, ana sallamewa ka miƙe hanya. In ka ce bari in leƙa gida in sake kaya, katifa ta riga ta ci nasara.

Mako na biyar ne za ka shiga abinci. Sukarin da hukumar ta yarje wa baligi bai wuce kimanin giram 50 a rana ba, ƙaramin cokali 12 ke nan, kuma robar lemo ta rabin lita ɗaya na iya cinye wannan kason duka. Kada ka yanke rana guda. Daga kullum koma sau uku a mako, sannan ranar Juma'a kaɗai, ka kuma ce wa mai shayi ya raba sukarin da madarar biyu. Masa ba za mu hana mutumin Bauchi ba, a dai ci da miyar taushe maimakon barbaɗa sukari, a kuma ƙirga. Gishiri kada ya haura giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire. Wannan sai da lallashin uwargida: a rage dunƙule, a ƙara daddawa, citta da tafarnuwa.

Sikeli yakan yaudari mutum. Karɓi awon tela ka auna ƙugunka daidai cibiya sau ɗaya a wata. Ana so ya gaza rabin tsawonka, mai santimita 170 kada ya kai 85. Ka auna hawan jini ma. In ya riƙa nuna 140/90 ko sama a ranaku daban-daban, ga likita kafin ka ƙara wa motsa jikin ƙarfi. Ranar da biki ko tafiya ta karya maka tsari, washegari ka ɗora daga inda ka tsaya, kada fashin ya kai kwana biyu.

Tambaya: Ina da yara huɗu. Wata biyu ke nan tunani ya hana ni barci, abinci ba ya min daɗi, ko biki ba na son zuwa. Wasu sun ce iska ce, wasu rashin tawakkali. Maƙwabciyata ta ba ni ƙwayar barci. In sha? *Daga wata uwa a Tudun Wada, Gombe*

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kada ki sha. Irin waɗannan ƙwayoyi suna kama jiki cikin 'yan makonni, sai da su za a runtsa, matsalar kuma tana nan. Haka tiramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi tun 2018.

Ƙuncin rai da rashin jin daɗin komai da suka wuce mako biyu, haɗe da lalacewar barci da cin abinci, alamun ciwon damuwa ne. Cuta ce mai magani, tana kuma kama masu ibada. Ki ci gaba da addu'arki, ki je asibiti. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana da likitocin wannan fanni. Ki nemi a duba jininki, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kawo irin wannan kasala. In an ɗora ki a kan magani, yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi. A nan da yawa ke yar da shi su ce ba ya aiki, wasu kuma su daina da zarar sun ji dama, ciwon ya dawo.

Kafin nan, ki samu mutum ɗaya mai riƙon amana ki faɗa masa yadda kike ji. In tunani ya taso, ja numfashi kina ƙirga huɗu, sake shi kina ƙirga shida, har minti biyar. Idan kuwa zuciya ta fara raya miki cutar da kanki ko yara, a ranar za ki sa a raka ki asibiti.

Tambaya: Azumin Litinin da Alhamis yana rage ƙiba? *Daga wani ɗalibi a Yalwa*

Amsa: Yana iya taimakawa, in ba a rama wa ciki da buɗa-baki ba. Ƙosai, soyayyen dankali, kunu mai sukari, sannan tuwo kafin isha'i, sun mayar da abin da aka rage har da riba. Dabino uku, ruwa, sai kwano ɗaya da rabinsa ganye ne, kamar kwaɗon zogale ko rama. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura ya tuntuɓi likitansa kafin ya ɗauka.