Amsa: Shin kunnen roba yana yin kama da na gaske?

'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa ƙanenki lafiya. Kin tambaya ko kunnen da za a yi masa bayan hatsarin zai yi kama da nasa, kuma yaya ake maƙala shi.

Ba na kanti ba ne, nasa ake yi masa shi kaɗai. Ana ɗaukar sawun kunnen da ya rage, a sassaƙa irinsa da kakin zuma a gwada, sannan a zuba silikon, wato wata irin roba mai laushi. Wajen haɗa launi ake gane gwani, don har ɗigon baƙi da jijiyoyin fata ake sakawa. In an dace, sai an matso kusa za a gane.

Maƙalawa kuwa, ko da gam na asibiti, ko a dasa ƙusoshin ƙarfen titaniyam a ƙashin bayan kunne, a jira kamar wata 3 zuwa 6 su kama, sannan a riƙa ɗana kunnen da maganaɗisu. Ni dai na fi son na biyu, domin gumi kan sassauta gam. Amma likita ne zai duba ƙarfin ƙashin.

Ki sani kunnen ba ya dawo da ji, sai dai zai riƙe tabarau. Ana cire shi da daddare a wanke, kuma rana kan koɗar da launinsa, bayan 'yan shekaru sai a sake wani.