Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki biro

Ƙanina, saƙonka ya iso. Ka ce kana neman gurbin karatun ƙirar wasannin kwamfuta a nan Turai, an kuma shawarce ka da ka fara shiga gasannin da ake haɗa wasa cikin kwana biyu, waɗanda ake kira game jam, don ka tara aikin da za ka nuna. Abin da ya ɗaure maka kai shi ne yadda mutum zai zauna yana rubuce-rubuce da tsara aiki alhali awa 48 kawai gare shi.

Shawarar da aka ba ka mai kyau ce, kuma ba sai ka iso ba za ka fara. Ludum Dare, wadda ta faro a 2002, ta intanet ake yin ta: awa 48 ga mai aiki shi kaɗai, awa 72 ga masu haɗa ƙungiya. Global Game Jam kuma tun 2009 ake gudanar da ita a watan Janairu, a ƙasashe da dama lokaci guda. A shafin itch.io, inda masu ƙirar wasanni ke ɗora ayyukansu, kusan kullum akwai wata gasar da ke gudana.

Batun rubutu kuwa, ƙarancin lokacin ne ma ya sa ya zama dole. Sai an fara gasa ake sanar da jigo, nan take kowa a teburi ya dinga kawo dabaru. Kada ku tashi sai kun rubuta jimla ɗaya da ta faɗi abin da mai wasa zai riƙa yi da hannunsa. Baba Is You, wasan da Arvi Teikari ɗan Finland ya fara ƙirƙira a Nordic Game Jam ta 2017, jimla ɗaya ta ishe shi: dokokin wasan kalmomi ne da kake turawa, in ka sauya jerinsu doka ta sauya. In dabararku ta ƙi shiga jimla ɗaya, ta fi ƙarfin kwana biyu.

Daga nan ku raba takarda gida uku: abin da dole a yi, abin da za a yi in lokaci ya bari, da abin da aka yanke ba za a yi ba. Gida na uku na fi ba muhimmanci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Wajen tsakar dare na biyu, idanu sun yi ja, sai wani ya ce ai da an ƙara mataki na biyu, ko a sa mutum biyu su iya bugawa tare. In ba a rubuce yake ba, sai a sake buɗe muhawarar da aka rufe tun jiya, awa guda ta tafi a banza. In kuwa yana manne a bango, nuni da yatsa ya wadatar, ba wanda ransa zai ɓaci, domin shi ma da shi aka yanke.

Ƙananan shawarwari ma a rubuta su. Girman zanen jarumi, sunan da za a riƙa ba fayil, wa ke riƙe da sauti. Na ga mai zane ya shafe yini yana fitar da hotuna masu kyau, a ƙarshe suka ƙi zama a wasan saboda ba wanda ya rubuta masa girman da ake buƙata. Duk sauti ko salon haruffan da kuka ɗauko daga wani wuri, ku rubuta inda ya fito da sharaɗin amfani da shi a lokacin da kuka ɗauko, don ranar miƙa aiki ba wanda zai tuna.

Akwai abin da ya shafe ka musamman a matsayin baƙo. Za ka zauna da mutanen da ba ka taɓa gani ba, kowa da irin Turancinsa, wani na magana da sauri. Kunya kan hana mutum cewa a maimaita. Ka tashi ka rubuta abin da ka fahimta a allo, ka ce haka muka tsayar? Sau da yawa sai a tarar ba kai kaɗai ba ne ka ji daban.

Jadawali kuma daga ƙarshe ake fara lissafa shi. Ware awa uku ko huɗu na ƙarshe don fitar da wasan da ɗora shi, kada a ƙara komai a cikinsu. Tun daren farko ku gwada fitar da shi ko da ba komai a ciki, ku tabbatar yana buɗewa a wata kwamfutar. Barci ma a saka shi a jadawali. Kafin ka kwanta, bar layi uku: inda ka tsaya, abin da ya lalace, abin da za a fara da shi. Haka in kuna amfani da Git, manhajar da ke adana sauye-sauyen da aka yi wa aiki, kowace ajiya ka rubuta mata bayanin da abokinka zai gane.

Ko Trello, manhajar tsara ayyuka, ko takarda, ba na jayayya. Ni dai in muna ɗaki ɗaya na fi son takarda a bango, don ba sai an buɗe ta ake ganinta ba.

Bayan gasa, kada kwana biyu su wuce ba ka rubuta shafi ɗaya ba: me kuka yi niyya, me kuka yanke, me ya sa, wane ɓangare ne naka. Ɗauki hoton takardun nan kafin a kwashe su. Wasan kwana biyu yakan fito da kurakurai, kuma mai duba takardun nemanka ba lallai ya daɗe yana buga shi ba. Shafin nan ne zai nuna masa yadda kake yanke shawara in lokaci ya ƙure. In ka yi ta farko, turo mini shafin tare da wasan in duba maka.