Me ya sa hayaƙi ke kwanciya a gari da asuba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata tuyar ƙosai. Da hunturu, in na hura wuta bayan sallar asuba, hayaƙin ba ya tashi, sai ya kwanta a layinmu, ya haɗu da na masu ƙona bola, har ɗana mai asma ya kama tari. Amma da hantsi ya yi sai ya watse. Mene ne dalili?
Wata uwa, daga Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya.

Da rana, ƙasa na ɗaukar zafi, ita kuma ta ɗumama iskar da ke kanta. Iska mai ɗumi ba ta da nauyi, sai ta yi sama da hayaƙi, ta dama shi kamar yadda ake dama kunu, har tsawon kilomita 1 zuwa 2, wani lokacin fiye. Daren hunturu kuwa babu gajimare, zafin ƙasa na tserewa da wuri. Iskar da ke ƙasa-ƙasa ta yi sanyi, ta yi nauyi, mai ɗumi ta zauna a samanta kamar faifai a kan ƙwarya. Filin da hayaƙi ke yawo kan koma mita 100 ko 200 daga ƙasa zuwa sama. Hayaƙin bai ƙaru ba, ɗakinsa ne ya ƙanƙance. Ga kuma ƙurar Bodele, wani busasshen kwari a hamadar ƙasar Chadi, da iskar hunturu ke kwaso mana.

Na taɓa hawa Dutsen Dala da sassafe, na ga abin da idona: toka-toka shimfiɗe a kan rufin gidaje, samansa a miƙe kamar an yanke da wuƙa. Hankalina ya tashi, don a ƙarƙashinsa yara ke tafiya makaranta.

Irin wannan murfin ne ya danne Landan kwana 5 a Disambar 1952, hayaƙin kwal ya kashe aƙalla mutum 4,000, har sai da aka yi dokar tsabtace iska a 1956.

Shawarata, ki bar yaron a ɗaki, taga a rufe, sai rana ta ɗaga sosai, kuma kada ya zauna miki a bakin murhu. Maganinsa na shaƙa ya kasance kusa da shi, in numfashi ya tsananta a garzaya asibiti. Sannan ku haɗu ku ga mai unguwa a kan ƙona bola da magariba, domin lokacin ne faifan ke fara rufewa, kuma hayaƙin robar nan tare da ku zai kwana.