Amsa kan haɗa raƙumi da awaki da raguna a turke ɗaya

Malam, ka tambaya ko raƙumin da ka ajiye a kasuwar dabbobi ta Alaba Rago da ke Legas zai shafa wa awakinka cutar retrobairus, wato wani nau'in ƙwayar cuta ta bairus. Inda aka tabbatar da tsallakawar wannan cuta shi ne tsakanin awaki da tumaki, ba daga raƙumi ba: CAE mai kumbura gwiwar akuya, da Maedi-Visna mai sa tunkiya haki da rama. Cutar tana bin dakashi, nono da jini, kuma ba ta da magani ko rigakafi.

Don Allah a daina yi wa garke allura da tsinke ɗaya. Don kashe ƙwayar cutar kafin a ba 'ya'yan dabbobin, a ɗumama dakashi a digiri 56 na ma'aunin Celsius har minti 60, in zafin ya wuce haka zai daskare. Raƙumi kuwa, bakkale, cutar da ke sa dabba ɓari, ita za ka sa likitan dabbobi ya fara gwadawa.